Daga Tiya Zuwa Mita: Tarihin Awon Wutar Lantarki a Nijeriya da Rabon Dugabau a Cikinsa

Bahaushe mutum ne mai awo tun fil azal. Hatsi da mudu da tiya ake saye, yadi da kamu, gona da taki, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo da Kabo ya ji labarin yadda iyayenmu ke tsayawa a kan sikeli lokacin kakar gyaɗa da auduga, ido a kan allura, don kada a ci guminsu. Mai awo idan ya tauye mudu, kasuwa ce za ta tona shi kafin azahar. Amma akwai haja guda wadda kusan kowane gida ke biyan kuɗinta duk wata, alhali ba a ganin ta da ido, ba a ɗaukar ta a hannu, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka san da wane mudu ake auna ta. Wannan haja ita ce wutar lantarki.

A fitowar bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin yadda Nijeriya ke auna wutar da take samarwa da wadda jama'arta ke sha, mu kuma duba inda gari irin namu ya faɗa a cikin wannan lissafi. Yawancinmu da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas mun sha sa hannu a aljihu don gyaran taransifoma ko sayen waya a gida. Wanda ke biya kuwa ya cancanci ya san abin da yake biya.

Mudu biyu da ake rikitawa

Kafin a shiga tarihi, sai an rarrabe ma'aunai biyu da jaridu kan cakuɗa. Na farko shi ne wat, wanda aka laƙaba wa sunan James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi. Wat yana nuna ƙarfin da na'ura ke ja ko take bayarwa a daidai wannan lokaci. Wat dubu shi ne kilowat ɗaya, kilowat dubu kuma shi ne megawat ɗaya. Na biyu shi ne awar kilowat, wato abin da muke kira yunit idan mun je sayen katin mita. Shi yana nuna adadin wutar da aka sha a tsawon lokaci.

Misali mafi sauƙi shi ne famfo da randa. Ƙarfin zubar ruwa daga bakin famfo shi ne wat, ruwan da ya taru a randa kuwa shi ne yunit. Famfo mai ƙarfi da ya zuba na minti biyar ya ɗauke ba zai cika randar da ƙaramin famfo ya wuni yana ɗiga a cikinta ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 idan ya yi awa 10 a kunne ya sha yunit ɗaya. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya sha wannan yunit ɗin. Saboda haka duk lokacin da muka ji an ce an ƙaddamar da tasha mai megawat kaza, faɗin bakin famfo aka gaya mana. Abin da ya shiga randa wani lissafi ne daban, kuma shi ne ya fi shafar talaka.

Daga Legas zuwa gaɓar Challawa

Sayar da lantarki ga jama'a ya fara kankama ne a shekarar 1882, lokacin da Thomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin New York na Amurka. Matsalar da ta fara tasowa ita ce ta awo: ta yaya za a san abin da kowane gida ya sha? Mitar Edison ta farko kwalba ce mai ruwan sinadari da faranti na ƙarfe a ciki, wadda ake cirewa a ɗora a sikeli don a ga nauyin da farantin ya sauya. Sai a ƙarshen shekarun 1880 aka ƙirƙiro mita mai faifai da ke juyawa, irin wadda da yawa daga cikinmu muka tarar a zaurukan gidajen birni.

Nijeriya ba ta yi nisa a baya ba wajen farawa. A 1896 aka kafa injin lantarki na farko a Legas, mai ƙarfin kilowat 60 kacal, abin da a yau bai wuce janaretan wani matsakaicin otal ba. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a tsaunukan Jos, musamman don masu haƙar kuza. A nan Kano kuwa, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta kafa aikin ruwa da lantarki a gaɓar kogin Challawa da kuɗin Baitulmali. Wannan batu ya cancanci mu tsaya a kansa. Kuɗin Baitulmali haraji ne da jangali, waɗanda aka tattaro daga gundumomi, har da ƙauyukan yammacin Kano. Kenan kakanninmu sun sa hannu a fitilar farko da ta haska birnin Dabo, ko da yake su da aci-balbal da fitilar ƙwai suka ci gaba da kwana har tsawon shekaru masu yawa.

A wancan zamani kowane gari da injinsa da littafin lissafinsa. Kano da Katsina da Ibadan da Abeokuta na hannun En'e-En'ensu, wasu garuruwan kuma na hannun Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka. Ba a iya maganar lissafin ƙasa baki ɗaya ba sai da aka kafa hukumar ECN da dokar 1950, ta kama aiki a 1951, ta tattara waɗannan tashoshi a ƙarƙashin inuwa guda. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Ruwan Neja, wadda ta gina madatsar Kainji, aka kammala a 1968, ƙarfinta ya kai megawat 760 bayan an gama girka injinanta. Da Kainji ne aka shimfiɗa manyan layukan da suka ɗinke Kudu da Arewa. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA, sunan da har gobe yara ke kira da ihu idan an kawo wuta, duk da cewa hukumar ta daɗe da zama tarihi. Bayan Kainji sai Jebba a 1985, da babbar tashar Egbin mai megawat 1,320 a kusa da Legas a tsakiyar shekarun 1980, sannan Shiroro mai megawat 600 a 1990.

Daga nan gini ya tsaya cik na kusan shekara goma, jama'a kuwa ba su tsaya ba. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, Jihar Kano kaɗai na da fiye da miliyan 9, Ƙaramar Hukumar Kabo kuma fiye da dubu 150. Tuwo bai ƙaru ba, masu sa hannu a akushi sun ninka. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, inda 'yan'uwanmu da dama suka ci abinci, suna cikin waɗanda suka fara jin jiki, domin masaƙar da ke sayen man janareta ba za ta iya gogayya da yadin da aka saƙa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ba.

Lambobi uku, gaskiya uku

Duk wanda ke sauraren rediyo ya sha jin lambobi masu karo da juna: wani jami'i ya ce megawat 13,000, wani ya ce 5,000, wani ya ce 4,000. Ba lallai ne a ce wani ya yi ƙarya ba, abubuwa daban-daban suke aunawa.

Lamba ta farko ita ce ƙarfin da aka girka, wato jimillar abin da aka rubuta a jikin dukkan injinan da ke haɗe da babban layin ƙasa, masu lafiya da marasa lafiya. Wannan ita ce ke kai wa wajen megawat 13,000. Kamar mutum ne ya ƙirga shanun garke har da guragu da masu ciki ya ce duka na huɗa ne. Lamba ta biyu ita ce ƙarfin da ke iya aiki a wannan rana, bayan an cire injinan da suka lalace, da waɗanda ba su sami iskar gas ba, da na madatsun da ruwansu ya ja baya da rani. Fiye da kashi biyu cikin uku na wutar Nijeriya daga iskar gas take fitowa, don haka bututu ɗaya da aka fasa a yankin Neja Delta na iya kashe fanka a Dugabau. Lamba ta uku ita ce abin da aka iya ɗorawa a kan waya aka tura wa masu rarrabawa. Kololuwar da ƙasar ta kai a Maris na 2021 ta ɗan haura megawat 5,800, kuma sai a Maris na 2025 aka sake taɓa wannan matsayi. A ranakun yau da kullum abin kan tsaya ne tsakanin 4,000 da 5,000.

Dalilin da ya sa ake bin waɗannan lambobi daƙiƙa bayan daƙiƙa shi ne, wutar babban layi ba ta da rumbu. Abin da aka samar a wannan lokaci, a wannan lokacin ake shan sa. A cibiyar kula da layin ƙasa da ke Osogbo, injiniyoyi na zura ido a kan bugun wutar, wanda ya kamata ya tsaya a kan 50 a kowace daƙiƙa. Idan masu ja suka fi ƙarfin masu bayarwa, bugun sai ya yi ƙasa, kamar jakin da aka lafta wa kaya fiye da kima. Idan ba a yi hanzarin sauke wani ɓangare na kayan ba, injina kan kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone, ƙasa gaba ɗaya ta faɗa duhu. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layi. Sauke kayan kuwa yana nufin yanke wa wasu layuka wuta, kuma bisa al'ada layukan karkara, masu tsawo da ƙarancin kuɗin shiga, su ne a sahun gaba.

Kafin wuta ta iso falwayar ƙofar gidanmu ta yi doguwar tafiya. Daga tasha ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 don ta jure nisa, ta biyo ta Mando a Kaduna zuwa babbar tashar Kumbotso, a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000 da 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita wadda gida zai iya ɗauka. A kowane zango ana auna ta, a kowane zango kuma wani abu na zubewa. Watan Oktoba na 2024 ya nuna mana raunin wannan igiya. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance sakamakon ɓarnar da aka yi masa, sai layin da ke zagayowa ta Inugu da Makurɗi shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa sun ƙirga asararsu, amma babu mitar da ta rubuta wutar da aka so sha ba a samu ba.

Rabon kowane ɗan ƙasa

Idan ana son kwatanta ƙasa da ƙasa, ana tara yunit ɗin da aka sha a shekara a raba da yawan jama'a. Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa. A shekara akwai awa 8,760. Idan aka ɗauka ana samar da megawat 4,000 ba dare ba rana, za a tashi da yunit biliyan 35. A raba wa mutum miliyan 220, kowa zai sami kimanin yunit 160, kafin a cire abin da ya zube a hanya. Alƙaluman Bankin Duniya na 2014 sun ba ɗan Nijeriya kimanin yunit 144 a shekara, ɗan Ghana kimanin 350, ɗan Afirka ta Kudu fiye da 4,000, ɗan Amurka kuma kusan 13,000. Yunit 144 a shekara bai wuce a kunna tsohon ƙwan fitila guda ɗaya na awa huɗu a kullum ba, kuma a cikin wannan rabo ne aka lissafa wutar masana'antu da asibitoci da ofisoshi. Don a ga cewa abin ba gagararre ba ne, Masar ta ƙara megawat 14,400 daga sababbin tashoshi uku tsakanin 2015 da 2018, wato fiye da duk abin da muka girka tun daga 1896.

Sai dai wannan lamba ta raba-daidai tana da makanta iri biyu. Ta farko, tana haɗa mai na'urar sanyaya ɗaki shida a Maitama da tsohuwar da ba ta da ko ƙwai ɗaya a rugar da ke bayan gari, ta ce rabonsu ɗaya. A 2021 Bankin Duniya ya bayyana cewa mutum miliyan 85, wato kashi 43 cikin 100 na 'yan Nijeriya, ba su haɗe da babban layi ba sam, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Mafi yawansu a karkara suke, kuma karkarar Arewa ce ta fi ɗaukar kaso.

Makanta ta biyu ita ce, lissafin hukuma na tsayawa ne a kan wutar da ta bi ta babban layi. Janaretan mai cajin waya a bakin tasha, da injin dizal na mai niƙa, da famfon ban-ruwa na mai lambu, da faifan sola da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa daga birni, duk ba su shiga littafin kowa. Saboda haka a takarda sai a ga kamar gari irin namu ba ya bukatar wuta, tun da abin da yake sha kaɗan ne, alhali mutanensa na sayen wuta mafi tsada a ƙasar, kwalba-kwalba, daga hannun masu bumburutu. Mai tsara kasafi kuma da takarda yake aiki. Wanda bai bayyana a lissafi ba, ba ya bayyana a rabo.

Wannan ne ya sa a 2015 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fito da wani sabon ma'auni mai matakai, daga sifiri zuwa biyar. A da, da zarar an kafa falwaya an ja waya, sai a rubuta cewa gari ya sami wuta. Sabon ma'aunin yana tambayar awa nawa ake samu a yini, nawa ne daga ciki ke zuwa da daddare, sau nawa ake ɗaukewa, kuma ko ƙarfinta na iya tayar da firji. Matakin farko na bukatar aƙalla awa 4 a yini, na biyar kuma awa 23. Da wannan mudu, garuruwa da yawa da aka daɗe da yi wa bikin kunna wuta za su tarar har yanzu suna matakan ƙasa.

Mita da cinikin biri a sama

A 2005 aka yi dokar gyaran harkar lantarki, wadda ta mayar da NEPA zuwa PHCN, ta kafa hukumar sa ido ta NERC, ta kuma raba tsohuwar hukumar gida 18: kamfanonin samarwa 6, na dakon wuta 1, na rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa yawancin na samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe na dako. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗo a ƙarƙashin KEDCO. Daga wannan rana awo ya zama batun kuɗi tsantsa, domin kowane kamfani na saye daga na gabansa da mita, yana kuma sa ran ya sayar da mita.

A nan ne igiyar ta fi rauni. Rahotannin NERC na 2024 sun nuna masu rajistar shan wuta sun kai kimanin miliyan 13, kuma waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran ana yi musu bil ne da ƙiyasi: a duba abin da ya shiga layi, a cire na masu mita, a kasafta ragowar a kan marasa mita. Hausawa na kiran irin wannan cinikin biri a sama. Mai ƙwai biyu da rediyo kan wayi gari da bil irin na mai firji uku, sai ya ƙi biya don yana ganin zalunci ne. Mai rarrabawa kuma ya ga layin ba ya kawo kuɗi, sai ya rage masa awoyi. Da awoyi suka ragu sai masu biya su ƙara raguwa. Idan aka haɗa wutar da ke zubewa a tsofaffin wayoyi, da wadda ake sata ta bayan mita, da wadda aka yi wa bil ba a biya ba, rahotannin hukumar na shekarun nan sun nuna asarar ta haura kashi ɗaya cikin uku. Adalci ya sa mu faɗa cewa wani kaso na wannan asara daga hannun masu shan wutar yake. Wanda ya maƙala waya cikin dare maƙwabcinsa ya sata, domin a kan maƙwabcin za a kasafta abin da ya sha.

An yi yunƙurin toshe wannan ɓaraka. A 2018 aka fito da tsarin da mutum zai sayi mita da kuɗinsa. A Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, a ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta fara rabon mitoci kyauta. Mitar kati mai lambobi 20 da muke amfani da ita ta samo asali ne daga Afirka ta Kudu, inda aka tsara ta a farkon shekarun 1990 don kai wuta unguwannin talakawa. A 2020 ɗin dai aka raba layuka rukuni biyar gwargwadon awoyin da aka yi musu alkawari a yini: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga bisani aka ɗan sassauta. Wannan tsari ya mayar da awa abin saye da sayarwa. Kowane layi yanzu yana da alkawari a rubuce, kuma alkawarin da ke rubuce ana iya auna cikarsa.

Ruwanmu da ranarmu

Ƙasar Kano ba matalauciya ba ce ta fuskar abin da ake yin wuta da shi. Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, da madatsar Challawa da ke maƙwabtanmu Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, an yi su ne don noman rani da ruwan sha, amma gwamnatin jiha ta ɗauko aikin girka musu ƙananan injinan lantarki a shekarun 2010. Ta fuskar rana kuwa, a 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a kan hanyar da muke bi duk lokacin da za mu gida, sannan a Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Ƙaramar Hukumar Kumbotso. A 2023 ɗin kuma aka gyara tsarin mulki aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da sa ido a cikin iyakokinsu. Inugu da Ekiti da Ondo na cikin waɗanda suka fara karɓar wannan iko a 2024.

Ma'anar wannan gare mu ita ce, ƙofar da a da take Legas ko Abuja ta matso kusa. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara da kamfanoni masu kafa ƙananan tashoshin sola na gari guda suna neman wuraren da za su zuba jari. Tambayarsu ta farko kuwa ba ta sauyawa: gida nawa, shago nawa, injin niƙa nawa, lita nawa ake ƙonawa a wata, nawa mutane za su iya biya? Garin da ya zo da amsa a rubuce shi ake fara saurara.

Abin da ya rage gare mu

Rashin sani ya fi dare duhu. Tarihin da muka bi ya nuna cewa tun daga harajin da ya gina tashar Challawa har zuwa bil na ƙiyasi, mutumin karkara ya fi bayyana a shafin biya fiye da shafin rabo. Gyaran babban layin ƙasa ya fi ƙarfin ƙungiyar gari, amma buɗe littafi bai fi ƙarfinta ba. Muna ba da shawarwari huɗu don a tattauna su a babban taron shekara.

Na farko, a sa wa kowace taransifoma a garin littafi da matashi mai kula da shi, ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, har shekara ta zagayo. A nemi sanin rukunin da layinmu yake, a riƙa gwada alkawari da abin da aka gani. Ƙorafin da aka kai da kwanan wata da awa ya fi na fatar baki nauyi, ko a ofishin masu rarrabawa ko a dandalin sauraren koke na hukumar sa ido.

Na biyu, a yi ƙidayar bukata. Ɗalibanmu na manyan makarantu za su iya zagaya gari a lokacin hutu, su ƙirga gidaje da shaguna da injina da rijiyoyin burtsatse da janaretoci da faifan sola, tare da abin da ake kashewa a kan mai. Asibitin gari da makarantu su zo a sahun farko, domin firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa ba sa jiran a gyara layi.

Na uku, kowane ɗan gari da ke birni ya ɗauki nauyin sama wa gidan iyayensa mita, ya kuma sauya musu tsofaffin ƙwayaye da na zamani. Gida mai ƙwai biyar na wat 10 da fanka ɗaya da cajin wayoyi da wuya ya wuce yunit ɗaya a yini, amma sai da mita za a iya tabbatar da haka.

Na huɗu, kafin a sake yin karo-karo don taransifoma ko falwaya, a sani cewa a ƙa'idar NERC samar da waɗannan kaya da gyaransu nauyin mai rarrabawa ne. Idan lalura ta sa gari ya saya da kuɗinsa, a fara rubuta yarjejeniya a kan yadda za a mayar da kuɗin, a ajiye rasit, a kuma karanta lissafin a gaban taro.

Iyayenmu ba su bar buhun gyaɗarsu a hannun mai sikeli suka juya baya ba. Sun tsaya sun ga allura, sun ƙirga kuɗinsu kafin su kama hanyar gida. Muna fatan a fitowar baɗi wannan shafi zai ɗauki alƙaluman Dugabau na shekara guda cur, waɗanda 'ya'yanta suka tattara da hannunsu, domin mu shiga kowane ofis da lissafinmu a hannu. Allah Ya haskaka garinmu, Ya kuma ƙara haɗa kanmu.